Kano Zuwa Jidda: Hanyar Da Muka Daina Takawa

Ranar Juma'ar da ta gabata, bayan an sauko daga masallaci, ina zaune a zauren gidanmu na cikin birni sai ga jikana, wanda Allah ya nufa da samun kujerar Makka a bana. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya zaro wayarsa ya ce, "Alhaji, ka san nisan da ke tsakaninmu da Jidda kuwa?" Kafin in buɗe baki har ya latsa ya karanto mini: daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa filin Sarki Abdul'aziz na Jidda kilomita 3,400 ne da 'yan kai idan aka miƙe sak, tafiyar awa huɗu da rabi zuwa biyar. Ya mayar da wayar aljihu yana murmushi, ya ce, "Ka ga ke nan kafin wanda ya hau motar Abuja ya isa, mu mun sauka." Na ce, "Gaskiyarka, abokina, Allah ya kai mu lokacin." Ya tashi ya shiga cikin gida gaida iyayensa mata, ya bar ni da lissafin ina ta tauna shi kamar ɓarin goro.

Lissafin yaron daidai ne, ya kuwa kamata mu ba shi haƙƙinsa. Jirgin fasinja na yanzu, idan ya gama hawa ya daidaita can sama da ƙafa 30,000, yana cin kimanin kilomita 850 a awa guda. Ka kasa 3,400 a kan haka, awa huɗu za ka samu. Ragowar rabin awa ko awa gudan na hawa ne da sauka, da bin layin da aka shata wa jirage a sararin kowace ƙasa, da abin da iska ta ga dama, don wata rana takan tura jirgi ta baya, wata rana ta tare shi ta gaba. Sai kuma zancen agogo: na Saudiyya yana gaba da namu da awa biyu. Maniyyacin da ya tashi daga Kano ƙarfe goma na dare, agogon hannunsa na cewa uku saura, amma da ya sauko sai ya tarar asuba ta yi. A dawowa a mayar masa da awa biyunsa cif. Abin da ya fi tsaya mini a rai dai shi ne, tafiyar da mai jaki zai yi tun daga fitowar rana har faɗuwarta, jirgi yana haɗiye ta cikin minti biyu. Minti biyu fa, kafin mutum ya gama alwala.

Wannan ni'ima ce babba, duk wanda ya raina ta bai san abin da aka sha ba kafin ta zo. Ni na ɗan san kaɗan daga ciki, domin na girma a ɗakin wadda hanyar ta cinye wa ɗan'uwa. Kakata ta wajen uba, wadda duk gidan muke kira Iya, tana da ƙane guda da suka fito ciki ɗaya, autansu. Maɗinkin hula ne, yana ɗaukar karatu a Madabo. Lokacin babana bai wuce goyo ba ya ɗaura niyyar gabas, shi da matarsa da jakinsu guda.

Iya ta sha ba mu labarin watan da ya yi yana shiri, har na haddace shi kamar a gabana aka yi. Sai da ya bi duk mai bin sa ko anini ne ya biya. Ajiyar da mutane suka ba shi ya mayar wa kowa tasa a gaban shaidu. Ya sa aka rubuta wasiyya. Ya sayi farin ƙyalle ya yanka likkafaninsa da na matarsa, ya ninke ya sa a ƙasan mangala. Sannan ya shiga unguwa gida-gida, tun daga bakin Jakara har gindin Dala, yana tsayawa a kowane zaure yana cewa, "Zan yi gabas, in na taɓa saɓa muku ku yafe ni." Akwai wani maƙwabci da suka shekara uku ba sa ga-maciji saboda rigimar indararo. A gidansa ya fi daɗewa, bai fito ba sai da suka ci tuwo kwano ɗaya. Ranar tafiya aka raka su har wajen Ƙofar Mata, maza a gaba, mata a baya, har Iya aka bari ta fita albarkacin ranar. Guzurinsu garin gero ne da ƙuli-ƙuli da kilishi da 'yar kanwa, sai buta da buzu da gafaka, da allurai da zaren da zai riƙa ɗinki da su a hanya. Malam ya yi addu'a aka shafa. Iya ta ce ta hau badala ta tsaya tana kallon farar hularsa har ƙura ta rufe ta. "Maigida," haka take kirana, "ranar nan mun yi kuka irin na mutuwa, don a zamaninmu mai zuwa Makka da mai zuwa lahira sallama iri ɗaya ake yi musu."

Yanzu fa? Sai ka buɗe waya da safe ka ga hoton maƙwabcinka a Facebook cikin yadin alhazai, a gindin matakalar jirgi, da rubutu a ƙasa: duk wanda na yi wa laifi ya yafe ni. Saƙo guda ga mutum ɗari biyar, har da waɗanda bai taɓa sa wa ido ba, alhali wanda ya yi wa laifin na gaske katanga ɗaya ce tsakaninsu. Ba na ganin laifin 'ya'yanmu sosai. Wanda ya san zai dawo bayan wata guda da 'yan kwanaki ba zai ji nauyin sallama kamar wanda bai san ranar dawowarsa ba. Amma ai iyayenmu sun koya mana neman yafiya ne saboda girman Ɗakin da za a je, kuma Ɗakin bai ragu ba don hanya ta ragu.

Hanyar da ƙanen Iya ya bi sananniya ce ga mutanen da. Daga Kano a nufi Barno, wasu ta Wudil da Azare, wasu ta Ringim da Haɗeja. Daga Yerwa a yi Dikwa, a tsallaka ruwa a Kusiri a shiga Fallomi, wadda aka sauya wa suna zuwa Njamena a 1973. Daga nan sai ƙasar Wadai, a yada zango a Abeshe, a wuce Adare a shiga Darfur ta Janaina, a kai Fashir, a ratsa rairayin Nuhud inda mutanen wurin ke tara ruwan damina a kogon kuka don amfanin rani, har a isa Ubayyid. Tun 1912 layin dogo ya kai Ubayyid, saboda haka mai 'yan kuɗi a hannu yana iya hawa jirgin ƙasa daga nan zuwa Kartum, ya zarce bakin Bahar Maliya. A Sawakin ake tsare maniyyata a duba lafiyarsu, sannan a hau jirgin ruwa a ƙetare kimanin kilomita 300 zuwa Jidda. Wanda ba shi da takardu ko kuɗin babban jirgi kuwa sai ya miƙa ransa ga masu ƙananan jiragen katako da iska ke turawa, su ɗauke shi da dare su sauke shi inda suka ga dama a gaɓar can. Tekun nan da wasu suka shekara suna tara kuɗin ƙetare shi, yau minti ashirin ne, daidai lokacin da ake sanarwa a ɗaure ɗamara za a sauka.

Da mutum zai yi ta tafiya kullum ba hutu, wata biyar ko shida ya ishe shi. To wa ke da guzurin wata shida? Talaka da ƙafarsa da sana'arsa yake zuwa Makka. Damina ta same shi a Wadai, ya tsaya ya yi noma. Guzuri ya ƙare a Fashir, ya zauna ya yi wanzanci ko ga-ruwa ko ɗinki ko koyar da yara allo, har ya tara abin da zai kai shi zango na gaba. Haka shekara ɗaya ke zama uku, uku ta zama bakwai. A haifi yaro a hanya, ya yi wayo a hanya, wani har aurensa a hanya. Masu hali ma ba su sha da sauƙi ba: Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ya tashi sauke farali a 1921, sai da ya gangara Ikko ya hau jirgin ruwa zuwa Ingila, daga can ya juyo ya nufi Jidda.

Inda hanyar ta fi riƙe mutane shi ne Jazira. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a kan Shuɗin Nilu, aka buɗe gonakin auduga masu faɗin gaske tsakanin kogunan Nilu biyu, ana neman hannu ido rufe. Mutanenmu kuwa sun iya noma, sun iya haƙuri. Suka tarar ma da nasu a can tun tuni. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas da jama'a mai yawa, aka tare shi a Burmi ya yi shahada a watan Yulin shekarar, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da ragowar mutanen har bakin Shuɗin Nilu, inda suka kafa garin da har gobe ake kira Mai Wurno. Maniyyaci ya iso a gajiye, ya ji ana Hausa da Fillanci a kasuwa, ya ga tuwo, ya ga gona, sai ya ce bari in yi kaka ɗaya in haɗa kuɗin jirgin ruwa. Kaka ɗayan nan ita ta haifi Hausawan Madani da Gadarif da Kasala da Damazin. Har yau a biranen Sudan in ka ce a ba ka agashe, gasasshen nama za a miƙo maka da yajinsa na ƙuli. Kalmarmu ce, "a gashe", ta je ta zauna a bakin Larabawa.

Shekara bakwai bayan rakiyar Ƙofar Mata, wani Alhaji da ya dawo ta ƙasa ya yi sallama a zaurenmu da takarda naɗe cikin 'yar fata. Ajami ce, daga ƙanen Iya. Yana Madani, yana tsinkar auduga da rana, yana ɗinki da dare. Jakin ya mutu tun a Wadai. Matarsa ta haifi 'ya mace, ya yi wa Iya takwara. Yana sa ran ƙetarawa baɗi in Allah ya yarda. Yana gaida kowa, ya jero sunayen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, har da mutumin indararo. Daga ita ba a sake samun wata takarda ba. Iya ba ta iya karatun ajami ba, amma ta san inda sunanta yake a jikin takardar, takan ɗora yatsa a wurin.

Wani ikon Allah, shekarar da aka gama madatsar Sinnar, a cikinta jirgin sama ya fara sauka a Kano. Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, zamanin Sarki Usman, jirage uku na sojan saman Ingila, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham, suka dira a filin sukuwa. Daga Helwan kusa da Alƙahira suka taso ranar 27 ga Oktoba, kuma zangon maniyyatanmu suka biyo, sai dai a juye: Kartum, Fashir, Abeshe, Fallomi. Kwana shida suka yi. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirgar mako-mako tsakanin Kartum da Kano, lokacin yaƙin Hitila kuma ta nan jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi ta Gwalkwas suke bi su nufi Masar.

Waɗanda suka kai shekaruna za su tuna mai raƙumi. Ina ɗan yaro kawuna ya goya ni a keke ya kai ni kallon jirgi. Muka fita ta Ƙofar Mazugal, muka ratsa Fagge, har bakin filin. Ga wani mutum da rawani a kan raƙumi, riƙe da kakaki. Da an hango jirgi sai ya ɗaga shi sama ya busa, masu ratsa filin su kauce da dabbobinsu, Turawan da suka sauko shan iska su yi ta ɗaukarsa hoto. A lokacin Kano zangon duniya ce. Jirage masu farfela ba sa iya ƙetare Sahara su zarce kudu ba su sha mai ba, saboda haka na Ingila da na Holan da na Beljiyam, masu zuwa Kwango da Afirka ta Kudu, duk sai sun durƙusa a nan, kamar yadda raƙuman Azbinawa suka saba durƙusawa a Fagge. Na dawo gida na ba Iya labari baki har kunne. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Maigida, daga gabas ma suna zuwa?" Na ce suna zuwa. Tun daga ranar, in ta ji rugugin jirgi ya karyo ta kan Dala, sai ta ajiye abin da take yi ta fito tsakar gida ta kare ido da tafin hannu. Ba ta taɓa cewa komai ba, mu ma ba mu taɓa tambayarta ba.

'Yan kasuwar birnin nan ne suka fara rage wa talaka nisan. A 1948 Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa ƙungiyar jigilar alhazan Afirka ta Yamma, wadda gajeren sunanta ya zama Wapa a bakin mutane. Samarin da ke canjin riyal da dalar Amurka a Wapa ta Fagge yau, nawa ne cikinsu suka san daga inda sunan ya fito? Aka fara da manyan motoci zuwa Sudan, shekaru suka koma watanni. Aka shiga shatar jirgi, watanni suka koma kwana. Daga baya gwamnati ta karɓi ragamar, aka kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, manyan jirage masu dogon zango suka zo, kwanan ma ya koma awoyi.

Sannan abin da ya sami Fashir da Abeshe ya zagayo ya same mu. Jirgin da zai tashi daga Turai ya dire Afirka ta Kudu da mai ɗaya, me zai tsaya yi a Kano? Ɗaya bayan ɗaya suka daina sauka, har KLM da ya fi kowa daɗewa ya yi sallama a 2012. Yanzu in dare ya yi tsit ka hau soro, kana iya hango 'yar fitila tana ƙyaftawa can ƙololuwa, ta fito daga arewa ta nufi kudu, mutum ɗari uku na barci a ciki, ba wanda ya san akwai Kurmi da Dala da Gidan Rumfa a ƙarƙashinsa. Mun san zafin a wuce ta kanka ba sallama. To haka mu ma muke wucewa ta kan garuruwan da suka shayar da kakanninmu ruwa, muna cin abinci a kan ɗan teburin kujera, taga a rufe.

Kada kuma gajartar hanya ta sa mu ɗauka an daina tafiya. Safiyar Litinin, 22 ga Janairu, 1973, cikin hazon hunturu, wani jirgi ƙirar Boeing 707 ya taso daga Jidda da alhazai zai je Ikko, yanayi ya hana, aka juyo da shi Kano. Wajen sauka ya kauce hanya ya kama da wuta. Mutum 176 suka rasu cikin 202, kuma a lokacin duniya ba ta taɓa ganin haɗarin jirgin da ya ci rayuka haka ba. Ina saurayi, ban manta yadda kasuwar Kurmi ta yi tsit ba ranar, kowa ka gani sai salati. Bayin Allah ne da suka gama aikinsu, suka sayi tsarabar dabino da bagaruwa da carbi, 'ya'yansu na jira. A watan Yulin 1991 ma jirgin da ya kwaso alhazai zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Jidda, mutum 261, ba wanda ya fita. Allah ya karɓi shahadarsu. Duk lokacin da na tuna su sai in tuna likkafanin nan da aka ninke a ƙasan mangala.

Iya ta rasu ba ta je ba, ba ta kuma ji labari ba. Shekarar da Allah ya kira ni, filin jirgin Jidda na yanzu sabo ne, wanda aka buɗe a 1981, mai fararen rumfunan nan kamar tantuna. Barci na yi a jirgi, ban san lokacin da muka bar Darfur a baya ba. Wata rana bayan la'asar a Makka na tsaya shan shayi a wani lungu, wajen wani dattijo mai jallabiya da farin rawani irin na Sudan. Na yi masa guntun Larabcina, ya dube ni ya ce, "Daga wane gari, ɗan'uwa?" da wata Hausa mai nauyi irin ta tsofaffinmu, wadda ba ruwanta da Turanci. Na ce Kano. Ya ajiye butar shayin ya riƙe hannuna da hannu biyu. A Gadarif aka haife shi, ubansa a hanya aka haife shi, kakansa ne ya fito daga birni. Bai taɓa ganin Kano ba, amma ya jero mini ƙofofi, Mata, Wambai, Mazugal, Ruwa, Kabuga, Na'isa, kamar mai jan wuridi. Ya tambaye ni ko har yanzu ana rini a Ƙofar Mata, ko ana rufe ƙofofin gari da magariba. Na ce rini dai ana yi. Na ba shi labarin maɗinkin hula na Madani da 'yarsa takwarar Iya. Ya yi shiru, ya girgiza kai, ya ce, "Irinsu da yawa, ɗan'uwa, amma duk namu ne." Na miƙa masa kuɗin shayi ya ture hannuna.

Irin wannan dattijo ne muke haɗawa mu ce takari, muna yatsine fuska. Kalmar kuwa tsohuwa ce mai asali. Daga Takrur take, daular da ta yi zamani a bakin kogin Sanagal, kuma da sunanta Larabawa suke kiran duk alhazan da suka fito daga yammacin Afirka. Malamai irin su Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen nan masanin lissafi da ya je hajji ya zauna a Alƙahira har ya rasu a 1741, a sahun nan suke. Yau mun mayar da ita sunan wanda ba shi da takardar zama, mai wasan ɓuya da askar. Don mun je a jirgi da fasfo a aljihu sai muke ganin mun fi su, alhali kakannin wasunsu da tafin ƙafa suka biya kuɗin hanyar.

Sai da wuta ta tashi muka tuna akwai ƙasa a ƙarƙashin gajimare. A 2022 aka yi rikici a jihar Shuɗin Nilu kan zancen ƙasa da sarauta, ɗaruruwan mutane suka mutu, Hausawa da maƙwabtansu, ana ce wa jikokin waɗanda suka shekara ɗari a wurin baƙi. Labarin ya zo mana a rediyo, muka yi salati muka wuce. Ranar 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke a Kartum, aka rufe sararin samaniyar Sudan ana saura 'yan makonni a fara jigilar alhazai. Nan fa hankalin kowa ya tashi, don dole jirage su zagaya, awoyi suka ƙaru, kuɗin mai ya ƙaru, aka yi ta ja-in-ja kan wanda zai biya. Ɗalibanmu da ke karatu a Kartum kuwa a motocin safa aka kwashe su, wasu suka yi kwanaki a hamada a bakin iyakar Masar, wasu aka bi da su ta Port Sudan, suka ɗanɗana kaɗan daga abin da kakanni suka sha. Sunayen da muke ta ji a labaran yaƙin nan, Janaina, Fashir, Madani, Sinnar, su ne zangon da Iya take lissafa mana da yatsu. A majalisarmu an fi tattauna ƙarin kuɗin kujera a kan mutanen da ke ƙarƙashin hanyar, ni ma ina cikin masu tattaunawar, shi ya sa abin yake ci mini rai har yau. Magabata suka ce zumunta a ƙafa take, mu kuwa mun ɗauke ƙafar daga ƙasa gaba ɗaya.

Jiya da daddare na aika aka kira mini jikana. Na buɗe akwatin Iya na ciro takardar daga cikin tsumman da ta naɗe ta. Ta yi ja, ninkin ya fara tsagewa, wurin sunanta ya fi ko'ina duhu saboda yatsa. Na sa ya ɗauki hotonta a wayarsa. Na ce masa, "Abokina, in ka je, duk inda ka ji ana Hausar da ba irin tamu ba, a Makka ko a Madina, ka tsaya ka yi sallama ka tambayi garinsu. In ka dace da mutumin Madani ka nuna masa wannan, ka ce ana neman zuriyar wani maɗinkin hula daga Kano, yana da 'ya mai sunan yayarsa." Ya ce, "To, Alhaji, in sha Allahu." Ya daɗe yana buɗa hoton da yatsu biyu yana ƙoƙarin haɗa baƙaƙen, har ya iso kan jerin maƙwabtan, ya ɗago ya tambaye ni ko gidajen nan suna nan. Na ce yawancinsu suna nan, jikoki ne a ciki. Muka tsayar da magana ranar Asabar bayan la'asar zan sa babbar rigata in ɗauki sandata, mu fara daga bakin Jakara.